Rashanci a Doha, da Dattijon da Na Kasa Yi wa Gyara

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Zariya, ni da Anti, matar Yayana, wadda ta gama wankan jego za ta koma wurin mijinta a Doha da jaririyarta a kafaɗa. Umma ta rako mu har bakin mota tana ta cusa mana ƙulle-ƙulle, kuka da daddawa da yajin jego da ya rage. Baba bai fito ba sai da direba ya tayar da mota. Ya leƙo ta taga ya yi mana addu'ar hanya, sannan ya ce da ni in tuna da maganarmu.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun san na yi karatu a Rasha, a wani gari da ke bakin kogin Volga. Na tafi ne da niyyar karanta harhaɗa magunguna, amma a shekarar share fage da ake koya wa baƙi harshe, sai harshen ya riƙe ni, na ƙare da digiri a Rashanci da adabinsa. Tun da na dawo babu wanda ya taɓa neman Rashanci a wurina sai yaran unguwa masu son in faɗa musu yadda ake zagi da shi. Harshe kuwa in an daina taɓa shi, lallaɓawa yake ya fita, kamar baƙon da aka daina yi wa hira. Na fara neman kalmomin da a da nake mafarki da su ina rasawa. Wani abokin Baba mai makarantar kuɗi ya daɗe yana ajiye min gurbin koyar da Turanci, Baba kuma ya gaji da ba shi haƙuri. Da Yaya ya aiko cewa wata ƙaramar cibiyar koyar da harsuna a Doha tana neman mai koya wa Amurkawa Rashanci, kuma sun yarda su gwada ni, Baba ya ce in je. Amma idan na dawo ba aiki, zan zuba littattafan Rasha a kwali in kama koyarwa a makarantar abokinsa. Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa ma maganar ta fi zauna min a ƙirji.

Hanyar Kano ba ta canza ba. Tankoki a jere, masu rake a Kwanar Ɗangora suna bin mota da gudu, gonakin shinkafa na Kura kore shar da safiyar nan kamar an shimfiɗa sabon mayafi. Ina kallo ina gwada faɗin sunan duk abin da na gani da Rashanci a zuciyata. Na samu saniya, na samu gada, na rasa balbela.

Daga Kano jirgi ya kai mu Alƙahira, inda muka yi zaman jira mai tsawo tare da wasu iyayenmu mata masu tafiya Umara. Ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni abin da za ni yi a Katar. Da na faɗa mata, ta dube ni ta ce Allah ya sa dai ba kwaminisanci suka koya min ba. Anti ta yi dariya har jaririya ta farka.

Da hantsi muka sauka Doha. Ta tagar jirgi ƙasar kamar faifan da aka baza wa gari, fara fat, sai teku mai launin shuɗi da kore ta zagaye ta, sai dogayen benaye a cure wuri ɗaya a bakin ruwa kamar sun taru suna jiran jirgin ruwa. Ina fita daga ƙofar filin jirgi tabarauna ya yi hazo saboda zafi da danshi, na tsaya ban ganin komai, sai muryar Yaya na ji yana cewa ga 'yar Rasha ta narke tun ba a je ko'ina ba.

Yaya likita ne, gidansu yana Al Aziziya. Unguwa ce ta gidaje masu katanga kalar yashi, duk kusan iri ɗaya, tituna a share, shiru kamar kowa ya yi tafiya. Ba mai talla, ba akuya, ba yara a waje. Rayuwar duk tana cikin gida da cikin mota da cikin manyan kantuna, inda sanyin na'ura yake sa mutum ya nemi rigar sanyi a tsakiyar hamada. Ranar muka ci makbus, wato shinkafarsu ta kaza mai busasshen lemon tsami, Anti kuma ta barbaɗa mata yajin da Umma ta ba mu, ta ce yanzu ta zama abinci. Abin da na fi so shi ne shayin karak, mai kauri da madara da ƙamshi. Riyal ɗaya ne kofi, kuma ba sai ka sauka ba, ka tsaya a bakin shago ka danna ham a kawo maka har mota.

Saboda aikin asibiti, Yaya ya haɗa ni da wani direba Bakatsine da ke zaune a Fereej Abdel Aziz, tsohuwar unguwa a tsakiyar gari inda ma'aikata ke haɗa ɗaki. Shi ya riƙa kai ni yana dawo da ni. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya dube ni ta madubi.

"Bahaushiya, a ƙasar Larabawa, tana koya wa Amurkawa yaren Rasha. Malama, in na ba da labarin nan a ɗakinmu cewa za su yi zafi ya fara taɓa ni. To yalla, in ji Larabawa, mu je."

Cibiyar tana can saman wani bene na gilashi a West Bay, unguwar dogayen benayen nan na bakin ruwa. Shugabar Ba'amurkiya ce mai gajeren gashi da saurin magana, wadda ta koyi Rashanci tun tana budurwa, lokacin da ƙasarsu da Rasha ke zaman doya da manja. Ta ce a zamaninsu tsoro ne ke kai mutum ajin Rashanci, yanzu kuwa aiki ne, ko aure, ko neman asali. Ta bayyana min tsarinsu. Turanci a bakin ƙofa ake ajiye shi kamar takalmi, ba mai shiga da shi aji. Ɗalibai a da'ira suke zama, kowa ya zaɓi sunan Rasha da za a riƙa kiransa da shi, su ne za su fi malami magana, kuma malami ya yawaita yabo don kada a karya musu gwiwa. Na tuna da tsohuwar da ta koya mana a Rasha, wadda ban taɓa ganin haƙorinta ba, wadda in ka yi kuskure take ƙwanƙwasa fensir a tebur har sai ka gyara. Shugabar ta ƙara da cewa mu biyu ake gwadawa, ni da wata Barashiya matar wani injiniya. Ita tana ɗaukar ajin da yamma, ni da safe, a ƙarshe a zaɓi ɗaya. Na kalli ƙasa ta gilashi, motoci kamar tururuwa. Da mai harshen za a gwada ni.

Abin da na kwana ina tsoro shi ne su ga baƙar fata da hijabi su ce an yi kuskuren ɗaki. Sun zuba min ido da na shiga, amma ina fara magana kallon ya canza kala. Yawancinsu injiniyoyin gas ne da za a tura wani tsibiri a can gabashin Rasha, sai wata ma'aikaciyar jinya, sai wata budurwa da kakanninta suka fito daga can, ta tashi ba ta jin ko kalma. Suna koyo kamar masu wasa. Ba sa jin kunyar kuskure, suna dariya, suna tafa wa juna, ɗaya ma ƙafarsa a kan kujera. Matasan cikinsu ban sha wahala da su ba. In sun karkace in miƙar da su, su ce spasiba, wato na gode, mu wuce.

Matsalata dattijo ɗaya ce. Dogo ne, kansa fari tas, ya girmi Baba. Da na shiga aji shi ne ya miƙe tsaye don girmama ni, ni kuwa saura kaɗan in durƙusa in gaishe shi. Sunan da ya zaɓa wa kansa Misha, irin sunan da ake kiran ƙaramin yaro da shi, kuma da shi ake so in kira shi, gatsal, ba wani sakaye. Bakina ya ƙi. Duk lokacin da layi ya zo kansa sai in miƙa masa tafin hannu in sunkuyar da kai. Rashancinsa kuwa ya fi na kowa rauni. Yana danna murya inda ba nan ba, yana haɗa kalmomi kamar mai ɗora tukwane a karkace, yana gumi. In ya gama sai ya dube ni. Ni kuma in dubi tebur in ce madalla, ya yi kyau. A gidanmu ko kwanan wata Baba ya faɗa ba daidai ba, ba ka gyara masa a gaban mutane, sai dai ka bari a watse ka lallaɓa. Na kuma lallashi kaina da cewa ai yabo aka ce a yawaita.

Haka na yi ranar farko, haka na yi ta biyu. Bayan an tashi ranar ta biyun, na shiga ɗan ɗakin shan shayi na tarar da shi a tsaye yana jirana. A wajen aji an yarda da Turanci, don haka da shi ya yi magana, a hankali.

"Kin cire rai da ni ne?"

Na ce ban gane ba.

"Kowa kina gyara masa ban da ni. Na san ina kuskure, malamar yamma ba ta barin in kai ƙarshen jimla. Ke kuwa ko kallona ba kya yi. Idan kina ganin na tsufa da koyo, gara ki faɗa min."

Sannan ya gaya min abin da ya kawo shi ajin. Shi ba tsibirin gas za shi ba, ya kusa ajiye aiki ma. Shekaru da yawa da suka wuce, shi da matarsa sun ɗauko wata yarinya daga gidan marayu a Rasha suka raine ta a Amurka. Yanzu ta girma, ta yi bincike ta gano kakarta ta wajen uwa tana nan da rai a wani ƙauye, kuma za su je tare idan sanyi ya wuce. Ba ya so ya tsaya gaban tsohuwar nan da tafinta. Yana so ya gaya mata da bakinsa yadda jikarta ta tashi, abin da take so, irin dariyarta. Ya ce idan na bar shi da kuskurensa, ranar zai buɗe baki tsohuwa ta kasa gane shi, kuma ba zai sami wata ranar ba.

Na so in ce masa girmamawa ce. Na so in ce masa a wurinmu sunkuyar da kai gaban mai furfura ba raini ba ne. Amma ina tsaye ina kallon takalmansa, wato ina sake yin abin da yake ƙorafi a kai. Ya ce ba ya son ɓoye min, shugaba ta tambaye shi yadda ajin safe yake, ya faɗa mata gaskiya. Kafin in kai lif ita ma ta tare ni ta ce gobe za ta zauna a ajina daga farko har ƙarshe.

A hanyar komawa ban ga teku ba, ko da yake ta gefenta muka bi. Kwali kawai nake gani, da littattafaina a ciki. Direba ya lura, ya tsaya a wani shago ya danna ham ya miƙo min karak. A gida Yaya ya ce nan ba Zariya ba ce, shi a asibiti 'yar ƙaramar nas tana kiran sunansa ta ce ya yi kuskure, kuma ba abin da ya ragu a jikinsa. Ya ce in buɗe baki kawai, khalas, wato shi ke nan. Na san gaskiya ya faɗa. Amma ni ba sani na rasa ba, harshena ne yake ƙin motsi, kuma ba a sake wa mutum tarbiyya a yini ɗaya.

Anti ce ta ce in tashi mu sha iska. Muka tura keken jaririya zuwa babban lambun da ke kusa da filin wasanni, mai ciyawa da tafki, inda iyalai ke fitowa in rana ta yi sanyi. Magariba ta same mu a can, muka shiga wani masallaci muka hau ɓangaren mata. Limamin muryarsa ta manya ce, mai ɗan rawa, karatunsa mai daɗi. A raka'a ta biyu sai aya ta sarƙe masa, ya ɗauko ƙarshen wata mai kama da ita. Nan take wata murya daga can cikin sahu ta karanto daidai, ba da ƙarfi ba, ba kuma da jin tsoro ba. Liman ya koma baya ya ɗauka daga inda aka ba shi, ya ci gaba. Aka sallame, na leƙa ta tsakanin katakon da ya kare mu. Ba wanda ya waiga neman mai gyaran, liman yana lazimi abinsa, mutane suna neman takalmansu.

Sau nawa na ga haka a tarawihi a gida ban taɓa tsayawa a kai ba? Tun a Islamiyya aka koya mana cewa wanda ya ji liman ya kauce ya yi shiru, shi ne bai kyauta ba. Ashe muna da hanyar yi wa babba gyara a gaban jama'a, ni ce na bar ta a masallaci. Ba a cewa ka yi kuskure, ba a kallon ido, ba a kiran suna. Daidai ɗin kawai ake faɗa, a bar shi ya ɗauka. Na gaya wa Anti a hanyar gida, ta ce to Allah ya sa limamin nawa ya iya karɓar gyara.

Rana ta uku ita ce ta ƙarshen gwajin. Shugaba ta zauna a bayan da'ira ta harɗe hannu. Na ce yau kowa zai yi magana da wani da yake so ya gani a Rasha, kuma da sauƙaƙan kalmomi na bayyana musu sabuwar doka: wanda ya karkace, zai ji daidai daga bakina, ya maimaita ya wuce, ba tsayawa, ba ban haƙuri. Na fara da matasa don in ji ɗumin muryata. Sannan layi ya zo kan dattijo.

Ya gyara zama ya fara gaida tsohuwar da ba ta nan. A jimla ta biyu ya karkace. Idona a kan tebur, na faɗi daidai ɗin. Bai tsaya ba. Ashe kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, ni kuma a ciki na yi maganar. Na sake, ya karkato kai yana kama kunne. Ma'aikaciyar jinyar nan ta ce da ni da Rashancinta mai gargada, "Da ƙarfi, malama." Na ja numfashi na faɗa da irin muryar da ban san ina da ita ba, har wanda ke ɗora ƙafa a kujera ya sauke. Dattijo ya maimaita daidai, ya ci gaba. Ya sake faɗuwa, na sake ɗaga shi. Haka muka yi ta tafiya, shi a gaba ni a baya, har ya gaya wa tsohuwar cewa jikarta tana son miyar kabeji ba tare da kowa ya koya mata ba, tana waƙa in tana wanke-wanke, kuma ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Da ya kai ƙarshe rigarsa ta jiƙe. Na ce ya sake daga farko. Ya dube ni, ya yi wata 'yar dariya, ya sake. A karo na biyun sau kaɗan na sa baki. Ba wanda ya tafa, kuma na ji daɗin hakan.

Shugaba ba ta ja ni da nisa ba. Ta ce ajin Doha Barashiyar za a ba, don ɗalibai sun fi sabawa da ita a kwanakin farko, kuma tana da takardar zama, ba sai an nema mata kafil, wato mai tsaya mata a ƙasar, ba. Sai ta ce akwai wani ƙaramin aji da suke yi ta kwamfuta, na waɗanda suka koma Amurka ko suke wuraren aiki masu nisa, dattijon ma can zai koma in ya ajiye aiki, kuma ya nemi a ba shi ni. Za su gwada ni na 'yan watanni daga gida. Ta ce har yanzu ba na kallon mutane a ido, amma ta kwamfuta ba wanda zai gane inda nake kallo.

Ta Alƙahira na sake biyowa, ni kaɗai, ina ta juya yadda zan faɗa wa Baba, don ban san ko gwaji yana cikin abin da ya kira aiki ba. Na iso Zariya da la'asar, garin cike da hayaniyar 'yan acaɓa da ƙamshin masara gasasshiya, na ji kunnuwana sun buɗe bayan shirun Al Aziziya. Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai gani.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai yawa ba ne, amma ya tsaya min. Na ɗauka kunyata kyauta ce nake ba dattijon nan, ashe hana shi abin da ya zo nema nake yi. Kuma maganin bai zo daga Rasha ko Amurka ba, yana cikin abin da na tashi ina gani.

Ranar darasin farko aka ɗauke wuta, muka tayar da janareta. Na zauna a falo da kwamfuta, Baba yana kan tabarmarsa a baranda, na lura ya kashe rediyo. Da na gama na fito, ya tambaye ni ko mai furfurar nan da ya hango shi nake ta katsewa. Na ce shi ne, kuma shi ya roƙa. Ya daɗe yana jan carbi.

"To ki riƙa gaishe shi da kyau kafin ki fara," ya ce. "Gobe zan je in ba Alhaji mai makaranta haƙuri, ya nemi wata malamar Turancin."